Tsohon Kan Sarki Da Tikitin Sa'a: Ina Ƙuri'a Ta Tsaya, Ina Caca Ta Fara?

 

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu jama'a waɗanda babbar sha'awarsu ita ce tara kan sarki, wato 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin ambulan kafin a jefa wasiƙa a gidan waya. Suna da ƙungiyoyi masu daɗaɗɗen tarihi. Ta birnin Landan an kafa ta tun 1869, babbar ta Amurka kuwa a 1886, kuma dukkansu suna nan suna aiki. Waɗannan ƙungiyoyi da ƙananan rassa irinsu sukan shirya baje koli a kai a kai, wani a katafaren zaure, wani a ɗakin taro na unguwa. A irin wannan wuri za ka tarar da dillalai sun jera tebura, dattawa sun duƙufa da madubin ƙara girma da ɗan hantsaki, domin ba a taɓa tsohon kan sarki da yatsa, ga kuma alluna masu gilashi inda masu gasa suka baje abin da suka shekara da shekaru suna tarawa. Ba ihu, ba kiɗa, ba maye. Wanda ya shiga zai ɗauka ɗakin karatu ya shiga.

To amma sau da yawa a gefen ƙofa akan ajiye wani tebur daban. A kansa akwai ɗan littafin tikiti mai lambobi, kusa da shi kuma an kafa wani tsohon kan sarki mai daraja, ko 'yan ƙwayoyi daga cikin na farko-farko da aka buga a duniya. Ka ba da 'yan kuɗi kaɗan, a yago maka tikiti, a jefa ɗaya ɓarin a cikin kwali. Idan an kusa tashi sai a girgiza kwalin, a kira wani yaro ya zura hannu ya zaro ɗaya. Mai lambar ya tafi da kayan, sauran su tafa masa, abin da aka tara kuma ya shiga asusun ƙungiya: a biya kuɗin hayar zaure, a saya wa yara littattafan manna kan sarki, ko a miƙa wa wani gidan agaji. Wannan canki-canka ita ce abin da muke son mu duba a wannan wata.

Mai karatu yana iya cewa: me ya haɗa mu da wannan? Sai mu ce abu biyu. Akwai Musulmi da ke zaune a waɗancan ƙasashe, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma irin wannan tebur yana tare su a baje kolin kan sarki kamar yadda yake tare su a bikin makarantar 'ya'yansu. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa shi ne, mas'alar ta zo a nan cikin sura mafi tsafta da za ta iya zuwa. Kowa ya san hukuncin wanda ya kwana a gindin karta har ya sayar da gonar gado. Wuyar tana wurin da babu ɗan caca ko ɗaya a ɗakin, kuɗin kaɗan ne, kyautar abin tarihi ce, niyyar masu shiryawa kuma taimako ce. Wanda ya gane hukunci a nan ba zai ruɗe a wani wuri ba.

Bari mu fara da abin da ake sa wa rai. Kan sarkin da ya fi kowanne suna a irin wannan fage shi ne wanda ake kira Penny Black, na farko a duniya. An fara sayar da shi a Ingila ranar 1 ga Mayu 1840, aka fara aiki da shi ranar 6 ga watan, bisa tsarin da Rowland Hill ya yi ta fafutuka a kai, cewa mai aikawa ne zai biya tun farko, kuma kwabo ɗaya ya isa ya kai ƙaramar wasiƙa ko'ina a cikin ƙasar. Baƙi ne, yana ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya, babu ma sunan ƙasa a jikinsa, al'adar da Ingila ta riƙe har yanzu. Kowane falle yana da guda 240, layi 20 kowane layi 12, domin layi ɗaya ya tashi sule, falle kuma ya tashi fam guda; dattawanmu da suka yi ciniki da fam da sule da kwabo kafin zuwan naira a 1973 ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan lissafi. Ba shi da 'yan hujojin nan na gefe, da almakashi ake yanka shi, saboda haka wanda aka yanka da kyau har gefensa huɗu suka fita ya fi wanda almakashi ya ci tsada nesa ba kusa ba. Bai cika shekara ba aka sauya shi da ja a 1841, domin jan hatimin da ake soke shi da shi yana wankuwa, mutane suna sake amfani da wanda aka riga aka yi aiki da shi.

Ga wani abu da yawancin masu sayen tikiti ba su cika lura da shi ba: an buga Penny Black fiye da miliyan 68, kuma da yawa sun tsira domin a wancan zamani wasiƙar kanta ake naɗewa a manna mata, mutane kuma suna adana wasiƙu. Saboda haka wanda aka riga aka yi amfani da shi, mai matsakaicin kyau, ba abu ne da ya gagari mai albashi ba. Duk mai so yana iya zuwa teburin dillali a wannan zauren ya taya, a sallama masa. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙaranci ne ke sa ta.

Labaran ƙarancin nan kuwa su ne ke sayar da tikiti. A 1856 kan sarki ya yanke a Giyana ta Ingilishi, a Kudancin Amurka, sai shugaban gidan waya ya sa wata maɗaba'ar jarida ta buga na wucin gadi. Na santi ɗaya daga cikinsu guda ɗaya tak aka sani ya rage a duniya. Wani yaro ɗan shekara 12 ne ya tsince shi cikin takardun danginsa a 1873, ya sayar da shi sule 6. A 2014 an yi gwanjonsa a Niyok a kan dala miliyan 9.48, a 2021 kuma aka sake sayar da shi dala miliyan 8.3. Haka kuma a watan Mayu 1918 wani mutum mai suna William Robey ya shiga gidan waya a Washinton ya sayi falle mai guda 100 na kan sarkin jirgin sama a kan dala 24, sai ga shi an buga hoton jirgin a kife bisa kuskure. Cikin 'yan kwanaki ya sayar da fallen dala 15,000. Ƙwaya ɗaya daga wannan falle ta haura dala miliyan 2 a gwanjon da aka yi a Nuwamba 2023. Babu mai sa irin waɗannan a canki-canka ta ƙofar zaure, amma inuwarsu tana kan teburin. Duk wanda ya ji labarin yaron nan mai sule shida, zuciyarsa takan raya masa cewa wataƙila yau ranarsa ce.

Yanzu sai mu ajiye labari mu ɗauki alƙalami. A ƙaddara an sayar da tikiti 500, kowanne fam 2, kyautar kuma kan sarki ne da dillali zai sayar fam 200. An tara fam 1,000. Mutum ɗaya ya ba da fam 2 ya karɓi abin fam 200, mutum 499 sun ba da nasu sun koma hannu rabbana. Tambayar da malamin fiƙihu zai yi ita ce: mene ne aka saya da fam biyun nan? Ba takardar tikitin ba, domin da an zaro lamba ta zama shara. Ba kan sarkin ba, domin da ciniki ne da kowane mai biya ya karɓi hajarsa. Abin da aka saya shi ne “wataƙila”. Kowane ɗaya ya shiga yana tsakanin ya samu abin da ya ninka kuɗinsa sau ɗari ko ya rasa kuɗin ɗungurungum, kuma ba aikinsa, ba iliminsa, ba cinikinsa ne zai raba gardama ba, hannun yaro ne a cikin kwali. Wannan shi ne ainihin abin da malamai suka siffanta ƙimari da shi: mu'amalar da mutum ya sa dukiyarsa a cikinta alhali bai sani ba ko riba zai ci ko hasara zai ɗauka, kuma ribar wani ita ce hasarar ɗan'uwansa. Imam Ƙurɗubi ya naƙalto daga Imam Malik (Allah Ya yi musu rahama) cewa maisir iri biyu ne, na wasa da shagala, da kuma na ƙimari, wato duk abin da mutane suka sa dukiya suna kasada a kansa. Imam Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya hana cinikin jifa da tsakuwa da cinikin garari. Cinikin tsakuwa shi ne mutum ya biya kuɗi ya jefa tsakuwa, duk tufar da ta faɗa a kai ta zama tasa. Ka lura, a can ma mai biya yana da tabbacin zai tafi da wata tufa, amma aka hana. To ina ga wanda galibi ba zai tafi da komai ba?

Babbar shubuhar da ake kawowa ita ce ta taimako. Za a ce maka ai ba wanda ya azurta kansa, kuɗin na ƙungiya ne, na yara ne, na marasa lafiya ne. Amsar wannan tana cikin sanin irin cacar da Alƙur'ani ya sauka ya tarar Larabawa suna yi, wadda Ibn Ƙutaiba (ya rasu 276 bayan Hijira) ya keɓe wa littafi guda mai suna Al-Maisir wal-Ƙidah. Idan sanyi ya tsananta, fari ya matsa, sai masu hali su haɗu su karɓi raƙumi bashi su soke shi. Suna da kibau goma marasa tsini. Bakwai suna da rabo, tun daga Fazzu mai kashi ɗaya har zuwa Mu'alla mai kashi bakwai, jimla kashi 28 a ɗaya daga cikin ruwayoyin. Uku kuwa, Manihu da Safihu da Wagdu, ba su da komai. A zuba su a jakar fata, a damƙa wa wani amintacce ya girgiza, ya riƙa zaro ɗaya da sunan kowane mutum. Waɗanda suka faɗi su ne za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci kuwa, abin kunya ne a wurinsu su ci naman; talakawa da mabukata ake raba wa. Suna alfahari da haka a matsayin karamci, wanda ya ƙi shiga kuma su kira shi baram, wato marowaci wanda ba a moruwa da shi.

Ya ɗan'uwa mai karatu, sake duba wannan hoto. Jaka ce da ake girgizawa, amintaccen hannu ne ke zarowa, amfanin yana komawa ga mabukata, wanda ya ƙi saye ana masa kallon marowaci. Me ya rage tsakaninsa da teburin ƙofar zaure ban da raƙumi ya koma kan sarki? Ai ma na Jahiliyya ya fi kusa da sadaka, domin a can wanda ya ci ba ya tafiya gida da komai. Duk da haka, aya ta 219 a Suratul Baƙara ta tabbatar da cewa caca tana da wani amfani ga mutane, sa'an nan ta hukunta cewa zunubinta ya rinjayi amfanin. Daga baya ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka haɗa ta da giya da gumaka, suka sa ta cikin ayyukan Shaiɗan, suka yi umurni da a nisance ta baki ɗaya. Saboda haka wanda ya kafa hujja da amfani bai zo da sabon abu ba. Hujjarsa an ambace ta an kuma amsa ta tun kafin a haifi kakanninsa. A kan wannan ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke hukunci a 1995 cewa cacar tikiti, wadda Larabawan yau ke kira yanasib, haramun ce ko da an ware wani kaso na kuɗinta domin ayyukan alheri. Sunan ma kansa abin lura ne, domin asalinsa kira ne: ya rabo!

Akwai kuma gwaji mai sauƙi ga wanda ya ce shi niyyarsa sadaka ce kawai. A ce masa ya jefa fam biyun a akwatin taimako, ya bar tikitin. Idan ya yi haka da daɗin rai, to ya sami ladarsa in sha Allahu, babu sauran magana. Idan kuwa hannunsa ya yi nauyi, to ya san abin da ya zo nema. Masu shiryawa su ma sun san wannan sarai, shi ya sa suke kafa kan sarkin a inda ido zai gan shi. Da akwati kaɗai yana tara abin da tikiti ke tarawa, da ba wanda zai wahalar da kansa da buga lambobi.

Maganar cewa kuɗin kaɗan ne ba ta bukatar dogon bayani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci wanda ya kira abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka, tun ba a sa ko anini ba. Idan kira da baki ya wajabta kaffara, ba za a ce fam biyu ba komai ba ne. Haka nan yardar juna ba ta halatta abin da Shari'a ta hana. Mai cin riba da mai ba da ita su ma sukan rabu suna murmushi.

Wani abin mamaki shi ne, dokokin ƙasashen da ake wannan abu ba su ɓoye masa suna ba. A Biritaniya dokar caca ta 2005 ce ke hukunta irin wannan tebur. Ta yafe masa neman lasisi idan a wurin taron ake sayar da tikiti kuma ba domin aljihun wani ba, har ta ƙayyade abin da za a iya cirewa daga kuɗin da aka tara domin ɗawainiya da sayen kyauta, amma a babin caca ta ajiye shi. A Amurka ma'aunin da kotuna ke amfani da shi abu uku ne: a biya, a sa kyauta, sa'a ta yi hukunci. Idan ukun suka haɗu, caca ce. Shi ya sa kamfanoni a can ke rubuta cewa ba dole ne sai ka sayi kaya kafin ka shiga gasarsu ba. Kuma tun 1890 majalisar dokokinsu ta hana gidan waya ɗaukar wasiƙun cacar tikiti, abin da ya karya ƙashin bayan shahararriyar cacar jihar Luwiziyana. To idan wanda ya halatta abu yana kiransa da sunansa na gaskiya, bai dace Musulmi ya zama shi ne mai neman yi masa laƙabi ba.

Sai dai wajibi ne a yi adalci, kada ƙin caca ya kai mu ga haramta abin da Allah Ya halatta. Zaro suna daga cikin kwali, a karan kansa, ba laifi ba ne. Ƙuri'a tana da asali a Alƙur'ani: an yi ta a kan wanda zai riƙi Nana Maryam, kamar yadda ya zo a aya ta 44 ta Ali Imrana, an kuma yi ta a jirgin Annabi Yunusa (A.S.), a aya ta 141 ta Saffati. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W.) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Imrana ɗan Husaini (R.A.) ya ruwaito cewa wani mutum ya 'yanta bayinsa shida gab da rasuwarsa alhali ba shi da wata dukiya sai su, Annabi (S.A.W.) ya kasa su uku ya yi ƙuri'a, biyu suka 'yantu. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya fayyace ƙa'idar a littafinsa Al-Furuƙ: ana ƙuri'a ne idan haƙƙoƙi suka yi daidai babu yadda za a fifita wani, domin a kawar da zargi da ƙullaci. A duk waɗannan misalai babu wanda ya biya kuɗi domin a sa sunansa, kuma wanda ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba bai rasa wata dukiya da ya shigo da ita ba. Iyakar ke nan. Saboda haka da wani dillali zai ba da Penny Black kyauta, a rubuta sunan duk wanda ya shigo zauren ba tare da ya biya komai saboda ita ba, a zaro ɗaya, wannan kyauta ce da aka raba ta hanyar ƙuri'a, kuma babu abin da zai hana Musulmi karɓa. Da yawa daga cikin baje kolin ma suna yin irin wannan ga baƙinsu.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wuri mai santsi, kuma duniyar kan sarki ta ba mu misalinsa. A Satumba 2013 hukumar gidan waya ta Amurka ta sake buga hoton jirgin nan na kife domin tunawa, kowane guda dala 2, falle mai guda shida dala 12, a cikin rufaffen ƙunshi wanda ba a ganin cikinsa. Ta buga falle miliyan 2.2, sa'an nan da gangan ta cusa falle 100 waɗanda jirginsu ke tsaye daidai. Wanda ya dace da ɗaya ya tsinci dami a kala, domin a 2014 an yi gwanjon ɗaya a kan fiye da dala 50,000. A 2015 ofishin babban mai bincike na hukumar ya soki wannan aiki, ya ce ya saɓa wa ƙa'idar hukumar kanta wadda ta hana ƙirƙirar ƙaranci da gangan. To mene ne hukuncin mai saye? A nan ya biya dala 12 ya karɓi kan sarki na dala 12 wanda zai iya aika saƙo da shi, ba kamar mai tikiti ba. Malamanmu na wannan zamani sun yi saɓani a kan irin wannan kyauta da ake liƙa wa haja. Wasu sun hana gaba ɗaya domin toshe ƙofa. Wasu kuma, daga cikinsu akwai Shaihu Muhammad bin Salih al-Usaimin (ya rasu 2001), sun halatta da sharaɗi biyu: kada a ƙara farashin hajar saboda kyautar, kuma mai saye ya kasance yana bukatar hajar da gaske. Ra'ayin da na fi natsuwa da shi shi ne na biyu, kuma yana da kaifi fiye da yadda ake zato. Wanda ya sayi falle ɗaya domin aika kaya ko domin ajiya a kundinsa bai yi laifi ba. Wanda ya kwashi ƙunshi hamsin yana farkewa ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa na bugawa, alhali rabonsa da rubuta wasiƙa ya manta, wannan tikiti ya saya ko da an rubuta masa dala biyu a jiki. Haka hukuncin kuɗin shiga zaure yake: idan kuɗin da aka saba biya ne, kuma kallo ya kawo mutum, ƙuri'ar da ta biyo baya ba ta cutar, idan an ƙara shi saboda kyautar, ko kyautar ce ta kawo shi, an koma gidan jiya.

Abin da ya fi ba ni takaici game da teburin tikiti shi ne babu larurar da ta kai shi can. A cikin zauren nan guda akwai gwanjo, wanda jumhurun malamai suka halatta: a ɗaga kan sarkin, kowa ya gan shi, ya duba gefensa da hatiminsa, a yi ta ƙari har ya tsaya a kan wanda ya fi, shi ya biya ya karɓa, sauran kuɗinsu na aljihunsu. Abin kiyayewa kawai shi ne najashi, wato a dasa wani ya riƙa ƙara farashi ba da nufin saye ba, wanda hani ya tabbata a kansa a hadisin Abdullahi ɗan Umar (R.A.). Ƙungiya tana iya karɓar kan sarkin a matsayin gudummawa ta yi gwanjonsa ta zuba kuɗin a asusu. Wataƙila abin da za ta samu bai kai na tikiti ba, kuma wannan ratar ita ce daidai kuɗin da ake tatsa daga kwaɗayin mutane.

Tara kan sarki shi kansa ban ga dalilin hana shi ba, matuƙar bai kai ga almubazzaranci ko shagala daga wajibai ba, duk da cewa mai tsantseni game da hotunan masu rai yana da inda zai tsaya, kuma akwai dubban kan sarki masu ɗauke da gine-gine da tsirrai da rubutu zalla. Akwai ilimin tarihi a cikinsa. Sunan da Bahaushe ya ba shi ma shaida ne, domin kan sarakunan Ingila ya riƙa gani a jiki. Arewacin Nijeriya ta yi nata kan sarki daga 1900 har zuwa haɗewar 1914, kuma a 1904 an buga mata wani na fam 25, kuɗin da babu wasiƙar da za ta ci shi. Masu tarihin abin sun rubuta cewa domin biyan lasisin shigo da giya aka yi amfani da shi. Yau yana cikin mafi tsada da wuyar samu a duk abin da aka buga da sunan ƙasar nan. Ɗalibin da ya riƙe wannan labari ya fahimci wani abu game da mulkin mallaka wanda ba lalle ya same shi a aji ba. Amma idan sha'awa ta rikiɗe ta zama neman kuɗin dare ɗaya, ƙarshenta ba ya kyau: a Mayu 2006 hukumomin Sifaniya suka rufe kamfanonin Afinsa da Forum Filatélico, waɗanda suka karɓi ajiyar mutane fiye da 300,000 bisa alkawarin riba tabbatacciya daga kan sarkin da aka kumbura wa farashi.

Nasiha ta musamman ga shugabannin rassa da kwamitocin makarantu da masallatai: ranar da wani mai kyakkyawar niyya zai tashi a taro ya ce a buga tikiti, a sa keken ɗinki ko babur, a gina aji da abin da aka tara, ku tuna da kibau goma da raƙumi. A kira gidauniya a fili, mai ɗari ya ba da ɗari, mai dubu ya ba da dubu, wanda ya kawo kaya a yi gwanjonsu a gaban jama'a.

Wanda kuwa ya riga ya sayi tikiti cikin rashin sani, ya nemi a mayar masa da kuɗinsa idan hakan zai yiwu, in ba haka ba ya bar shi, kada ya tsaya jiran lamba. Idan har lambarsa ta fito kan sarkin ya shigo hannunsa, bai zama mallakarsa ta hanyar da Shari'a ta yarda da ita ba. Sai ya tuba, ya mayar wa masu taron ya gaya musu dalilinsa cikin ladabi, ko ya sayar ya zuba kuɗin a wata maslaha ta jama'a da niyyar tsarkake hannunsa, ba da niyyar neman ladar sadaka ba. Idan kuma har yanzu ransa na son Penny Black, teburin dillali yana nan taku kaɗan daga ƙofa, ya je ya taya.